Bokitin da Anka Ba Ni In Kai Sakkwato

Litinin, 3 ga Zulƙida, bayan la'asar

Mun dawo daga asibitin birni. Tun hantsi nike zaune bisa benci kamar mai jiran sadaka, har wata yarinya mai farar riga ta ce in janye ƙafa in ba mutane hanya. Ni Kalilu, da na shekara hamsin ina noman albasa a Kashin Zama. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma ɗan ajamin da na tsinta ya ishe ni in rubuta abin da anka yi mani, don kada gobe a juya magana.

Matata Kyauta ce ba lafiya. Shekara arba'in da shida muna tare. Jini ya dawo mata bayan ya daɗe da ɗaukewa, ta ɓoye, sai da ɗiyarmu Raihana ta zo daga Jega ta gani ta tayar da hankalin kowa. Kwanan baya sun tsakuri wani abu cikinta sun gwada, yau anka kira mu jin sakamako.

Likitar mace ce, Balkisu sunanta, wai 'yar Maiyama. Ba ta kai Raihana shekaru ba. Ta ce, "Baba, sankara ce a mahaifa."

Na ce to.

Ta ce, "Abu biyu muke so mu sani. Na farko halin ciwon, mai nawa ne ko mai gaggawa. Wannan lamba uku gare shi, ta ɗaya mai sauƙi, ta uku mai zafi. Ɗan abin da munka tsakuro ya nuna lamba biyu. Na biyu kuma, ina ya kai. Wannan mataki huɗu ne. In shina cikin mahaifa bai fita ba, mataki na ɗaya. In ya sauko bakin mahaifa, na biyu. In ya fita ya kama maƙwabta, ko ya shiga kaluluwa, na uku. In ya kai mafitsara ko hanji ko huhu, na huɗu."

Na ce, "To ita wane take?"

Ta ce, "Hoto ya nuna mana wani abu, amma ba za mu tabbatar ba sai an cire mahaifar an duba ta."

Na ce, "Wato sai kun yanka mutum tukuna, sannan ku san abin da kuke nema."

Raihana ta ce, "Baba, don Allah." Gaban bare take ce mani don Allah, kamar ni ne yaron.

Talata, 4, da hantsi

Ɗahiru ya zo. Ƙanen Kyauta, mahauci a kasuwar Jega. Tun daga zaure shike kiran "Ina Sarkin Albasa?" Wai wasan ƙanen mata. Wasa ya ƙare tsakaninmu tun rasuwar ɗana Idris, shekara tara ke nan, da mutumin nan bai tako gidan ga ba sai bayan sadakar bakwai, wai ya tafi sayen shanu. Yau ga shi da lemu cikin leda shina ba da shawara.

Laraba, 5, bayan azahar

Kyauta ta dangwala yatsa da kanta a takardar yarda a yi mata aikin. Ni cewa anka yi in dangwala a ƙasa, wurin shaida. Shaida! A kan matata.

Alhamis, 6, bayan magariba, a harabar asibiti

An yi aikin. Ta farka, ta gane ni, ta nemi ruwa sunka hana.

Da la'asar wata nas ta fito da farin bokitin roba, irin na fenti, an rufe shi an naɗe murfin da salatif, ga takarda cikin leda an ɗaure a marikin. Ta ce nan ba su yin wannan gwajin, sai dangi sun kai Sakkwato, ta faɗi sunan wurin. Ta ce akwai ruwan magani ciki da ke hana shi lalacewa, kada a buɗe, kada a bari ya kife.

Raihana ba ta iya barin uwarta. Ɗahiru ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan, ni na saba ɗaukar kayan ciki."

Ya yi dariya. Raihana ma ta murmusa, wai don a rage zafi. Kayan ciki. Na karɓe bokitin daga hannun nas ɗin na ce ina da rai ba mahaucin da za shi ɗauki wannan.

Da sunka watse na bi nas ɗin na tambaye ta, in an gama dubawa mi ake yi da shi. Ta ce yanyankawa suke su ɗebi abin da za su duba. Na ce sauran fa? Ko tsayawa ba ta yi ba, tana tafiya ta ce, "Ƙonawa ake, Baba."

Juma'a, 7, bayan la'asar, a gida

Na shiga motar Sakkwato da sassafe. Kwandasta ya so ya tura bokitin bayan mota tare da buhuna da kaji, na ce sai dai a sauke ni. Na aza shi bisa cinya. Wani ɗan tireda da ke gefena ya ce, "Baba, nono ne? A sammana." Na ƙara rungume bokitin.

Ba nauyi gare shi ba. Abin da ya fi damuna ke nan tun daga birni har Jega. Ciki tara ya ɗauka, huɗu na raye, biyar na maƙabarta gabas da gari, amma bai kai tulun yaro nauyi ba.

Duk haihuwar da Kyauta ta yi, ni ke haƙa rami bayan ɗakinta, ungozoma ta wanke mabiyya ta binne. Tara suna nan jere jikin katanga, na san wurin kowace. Ko yatsan mutum ya guntule a gona, binne shi ake. Haka munka taras. Naman Musulma ba shara ba ne da za a haɗa da tsumma da auduga a cinna wuta.

Mota ta tsaya Aliero sauke fasinja. Ni ma na sauka. Na hau kabu-kabu zuwa gida.

Ƙasar bayan ɗakinta ta yi tauri, sai da na jiƙa ta da tulu biyu. Na yi niyyar in wanke in sa a farin ƙyalle yadda ya dace. Na ɗan ɗaga gefen murfin, warin maganin ya buge mani ido har hawaye, na mayar na danne, na sake naɗe salatif ɗin. Ba tsoro ba ne. Maganin ne. Na naɗe bokitin duka da ƙyallen, da takardar da komai, na sa shi tsaye cikin ramin, na mayar da ƙasa.

Na samu Juma'a a sahun gaba.

Asabar, 8, da safe

Raihana ta kira a waya. "Baba, ka kai?"

Na ce na kai shi inda ya kamata.

"Sun ba ka 'yar takardar shaida? Da ita za a karɓi sakamako."

Na ce ba su ba ni komai ba. Wannan kuwa gaskiya ce, ba wanda ya ba ni komai.

Ta ce, "Ikon Allah. To kwana nawa sunka ce?" Na ce mako biyu, don haka na ji nas ɗin ta faɗa.

Lahadi, 9, bayan azahar

Zafi. Na juya albasa a rudu, rumfar da muke ajiyarta, na fid da ruɓaɓɓu kwando guda. Irin bana ba shi da kirki, wanda ya sayar mani ya cuce ni.

Talata, 11

Ban yi laifin komai ba.

Alhamis, 13, bayan la'asar

An sallamo ta. Kafin mu fito likitar ta tsayar da mu a ƙofa. Ta ce aikin ya yi kyau, amma ta ga kaluluwa biyu sun kumbura kusa da mahaifar, ta cire su ta sa a 'yar kwalba cikin bokitin nan. Ta ce kumburi ba shi ne ciwo ba, ido ba ya rabewa, sai na'ura. In babu komai cikinsu, wataƙila mataki na ɗaya ne, magani kaɗan. In akwai, na uku ne, magani mai nauyi.

Ta ce, "Komai na cikin bokitin nan, Baba. Allah ya saka da ka kai da wuri."

Raihana ta ce amin. Ni ina duban takalmina, igiyar ta tsinke tun jiya.

Ba wanda ya gaya mani akwai kwalba ciki. Da an gaya mani. Su ke nan, sai su ba mutum kaya ba bayani, in an samu matsala a ce jahili ne.

Juma'a, 14, da hantsi

Mata sun cika gida da sannu. Kowace da labarin wadda anka yi wa irin wannan ta mutu. Na koma zaure.

Kyauta na takawa a hankali, tana dafa bango. Bayan ɗaki Raihana ke kai mata ruwan ɗumi da kujera. Na ce a riƙa kai ta makewayi, bayan ɗakin akwai santsi. Kyauta ta ce nan ta fi so, akwai inuwa.

Litinin, 17

Ɗahiru ya aiko da ƙafar sa a yi mata farfesu. Ban ci ba.

Alhamis, 20, bayan magariba

Raihana ƙidayar kwana take kamar mai jiran haihuwa. Ta zauna tana yi wa uwarta bayani da yatsu: wannan hali, wannan mataki, hali daban mataki daban. Wai ana iya samun mai zafin hali da bai je ko'ina ba, ana iya samun mai sanyi da ya yi nisa don an daɗe ba a kula ba. Da ta ce an daɗe ba a kula ba sai ta dube ni. Ni na ɓoye jinin? Shekara guda matar nan na wanke tsumma a ɓoye, ni za a duba?

Na lura ba ta yi azumin bana duka ba. Ban tambaya ba. Namiji ba ya tambayar wannan.

Litinin, 24, bayan la'asar

Raihana ta tafi Sakkwato karɓar sakamako, Ɗahiru ya raka ta. Sun dawo ba komai.

Wai an buɗe littafi an duba ranar Juma'ar nan da ta bayanta, ba sunan Kyauta. Akwai wani ma'aikaci mai karɓar kaya a taga, Sanusi, shi ke aiki ranar. Raihana ta ce ta yi mashi tas gaban mutane, ta ce ubanta dattijo ya taso tun daga Kabi da azabar rana ya damƙa mashi amana ya yar. Har babbansu ya fito, ya ce za a bincika, in ta tabbata Sanusi za shi bar wurin.

Tana faɗa tana kuka. Ta ce, "Baba, don sun ga ba ka yi boko ba shi ya sa sunka raina ka."

Wannan kam ta faɗi gaskiya, ana raina ni.

Ni ban san wani Sanusi ba. Ban taɓa ganinai ba.

Talata, 25, da hantsi

Ɗahiru ya same ni gindin rudu. Yau ba Sarkin Albasa. Ya tsuguna ya ɗauki albasa guda shina juyawa.

Ya ce, "Malam Kalilu, wurin nan da ka kai, ƙofarsu koriya ce ko shuɗiya?"

Na ce ni ba fenti na je dubawa ba.

"Daga tasha mi ka hau?"

Na ce, "Alƙali kake?"

Ya ce, "Idi direba ya ce kamar ya gan ka Aliero ranar, wajen hantsi."

Na ce, "Idi direba ya ga ubanai. Kai da ka kasa gane hanyar gidan ga kwana bakwai ina zaman makoki, yau kai ne mai bin sawun mutane?"

Ya aje albasar. Ya ce, "Wancan na yi kuskure, na ba ka haƙuri ya fi sau goma. Wannan kuwa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya tashi ya kaɗe riga.

Sau uku ya ba ni haƙuri. Ba goma ba.

Laraba, 26, bayan magariba

Mun koma wurin likita. Ta saurari Raihana har ta gama, ba ta ce komai a kan mutanen Sakkwato ba.

Ta ce tunda ba sakamako, ba ta iya cewa mataki kaza ne. Kuma da kaluluwar da ta gani, ba ta iya zama ta yi fatan alheri kawai. Dole ta ɗauka ciwon ya fita, ta yi maganin mataki na uku. Ruwan magani ta jijiya, sau shida, duk bayan mako uku, sannan gashi da na'ura. Ta ce ruwan na zubar da gashin kai, shina sa amai, shina karya jiki, ga Inna da hawan jini. Ta ce mai yiwuwa ne a ba ta duk wannan alhali ba ta bukata, amma rashin bayarwa in tana bukata ya fi muni. Litinin za a fara.

Kyauta ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ta gyara lulluɓi.

Ni dai tambaya na yi, irin ta kowa. Na ce, "Yanzu ko an gano abin ai ya lalace."

Likitar ta ce, "A'a, Baba. Muddin shina cikin ruwan nan, murfi rufe, ko wata biyu ya yi za shi nuna." Ta aje biro. "Ko ina shike."

Ko ina shike. Ni take kallo tana faɗa. Yarinya sa'ar 'yar cikina. Iyayenta ba su koya mata sunkuyar da kai ba.

Alhamis, 27, bayan asuba

Na tsaya bayan salla na tambayi liman, na ce wani ne a Gehuru abin ya faru da shi. Ya ce binne abin da anka cire daga jikin mutum abu ne mai kyau, wanda ya yi ya kyauta niyya. Na ce madalla. Sai ya ƙara da cewa amma in ran mai shi na rataye da abin, a tono, mai rai ke gaba. Ya ce, "Mutumin Gehurun nan, ka ce mashi ya yi sauri."

Wannan limamin da ma ubanai ya fi shi karatu.

Alhamis, bayan azahar

In na tono, mi za a ce? Kalilu ya yi ƙarya. Kalilu ya sa ɗiyatai ta zagi bawan Allah gaban jama'a. Ɗahiru za shi kai labarin kasuwar Jega, kowane mahauci ya ji. Shekara saba'in ba a taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kuma ban yi ƙarya ba. Inda ya kamata na ce.

Juma'a, 28

Ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi. Kowa na murna. Na rufe rudu da tabarmi.

Asabar, 29, da hantsi

Raihana ta tafi Jega ɗebo kayan da za su zauna da su asibiti. Kyauta ta aiko jikanya ta kira ni, ta ce wa yarinyar ta tafi wasa. Na same ta bayan ɗaki bisa kujera. Ruwan jiya ya sa ƙasar ta lotsa, wurin ya fito zagaye kamar bakin tukunya.

Ta ce, "Malam, ƙasar nan ta faɗa."

Na ce gara ce.

Ta ce, "Tara ka haƙa a nan, ina kwance ina jin bugun fartanyarka ta bango. Na san hannunka. Tun ranar da na dawo na ga na goma."

Na kau da kai wajen katanga.

"Ban gaya wa kowa ba. Cewa na yi bari in gani ko za ka faɗa da bakinka. Kwana goma sha shida ina zama nan kana wucewa."

Na ce, "Ƙonawa za su yi. Ke ba ki ji abin da yarinyar ta ce ba. Da tsumma za su haɗa."

Ta ce, "Ka tambaye ni?"

Na ce lokacin ba ta cikin hayyacinta.

"Na farfaɗo tun ranar. Ka tambaye ni?"

Na ce don mutuncinta na yi.

Ta yi 'yar dariya, ta dafe wurin ɗinkin don ya ja ta. Ta ce, "To na gode. Jibi za su sa mani ruwan. Ni ba ni faɗa wa Raihana, ba ni faɗa wa Ɗahiru, ba ni tona maka asiri da tsufanka. In ka ga a sa, a sa."

Ta miƙo hannu in tashe ta. Na tashe ta. Ta shige ɗaki.

Asabar, bayan la'asar

Mace ta zauna kwana goma sha shida tana kallon mijinta kamar mai gadin ɓarawo. Wannan ba mugunta ba ce? Da ta yi faɗa da ya fi.

In ka ga a sa, a sa.

Lahadi, 30, bayan azahar

Da rana tsaka na tono, ban ɓoye ba. Ƙasar ta yi laushi, ban sha wuya ba. Ƙyallen ya yi ja, amma murfin na nan yadda na danne shi, takardar ma ledar ta tsare ta.

Ina fito da shi Raihana ta zagayo da buta. Ta tsaya. Ta dubi bokitin, ta dubi ramin. Butar ta faɗi.

"Baba."

Na ce ta kawo tsumma a goge.

"Baba, mutumin nan. Na ce mashi maci amana. Na ce Allah ya isa. Yara gare shi."

Na ce ta kawo tsumma.

Ba ta yi mani tsawa ba, da ta yi da na san abin da zan ce. Ta kawo tsumman, ta durƙusa ta goge da kanta, ta duba murfin ta ko'ina. Ta kira likitar a waya ta shiga ɗaki, na ji tana cewa an samu, ba ta ce ina ba. Likitar ta ce a dakata da ruwan, a kai gobe.

Ɗahiru ya iso da la'asar, an gaya mashi. Na zauna zaure na shirya mashi amsa kala uku. Ya yi sallama, ya ce, "Sannu da aiki, Malam Kalilu," ya wuce ciki. Ko wannan ma wulaƙanci ne.

Na ce ni zan kai. Raihana ta ce, "Ƙafata ƙafarka."

Litinin, 1 ga Zulhajji, bayan magariba

Mun kai. Da mota ta tsaya Aliero ta aza hannu bisa murfin ba ta ɗauke ba sai da munka wuce.

Ƙofar wurin ba koriya ba ce, ba shuɗiya ba. Baƙa ce. Ɗahiru tarko ya ɗana mani.

Sanusin ba yaro ba ne, da furfura a gemunai. An ɗauke shi daga taga an mayar da shi wanke kwalabe tun ranar, sai kiran shi anka yi. Raihana ta durƙusa har ƙasa gaban mutane ta ba shi haƙuri, ta gaya wa babbansu kaya bai taɓa zuwa ba, daga wajenmu ne. Sanusi ya dubi jar ƙasar da ta maƙale a marikin bokitin, ya dube ni. Ya ce, "Baba, ba kai ne na farko ba. Amma su sauran ba su ce sun ba ni ba."

Na ce Allah ya huci zuciyatai. Iyakar abin da ya fito ke nan. Raihana ta ce bai isa ba. Ita ta sani.

Ya rubuta suna a littafi, ya ba da 'yar takarda. Ita ya miƙa wa.

Laraba, 3

Na rufe ramin da tsohon ƙyaure. In sun gama za su ba ni sauran, zan tambaya.

Laraba, 10, ranar Layya, bayan la'asar

Ɗahiru ya zo ya feɗe ragon kamar kowace shekara. Da ya zo kan kayan ciki bai yi wasa ko ɗaya ba. Raihana na gaishe ni safe da yamma, gaisuwa kawai. Kyauta ta ci hanta kaɗan.

Gari duk an ji. A idi mutum biyu sun tambaye ni ya hanyar Sakkwato.

Litinin, 15, bayan la'asar

Sakamako ya fito. Likitar ta karanta sau biyu kafin ta ɗago.

Hali lamba biyu, yadda anka gani da farko. Ciwon ya ci fiye da rabin kaurin bangon mahaifa amma bai huda ba, bai sauko bakinta ba. Kaluluwa biyun ba komai cikinsu, kumburi ne kawai. Mataki na ɗaya. Ba ruwan jijiya. Gashi kaɗan za a yi mata a Sakkwato don kada ya dawo, sannan a riƙa duba ta duk bayan 'yan watanni.

Raihana ta kife kai bisa tebur. Da ta ɗago ta ce, "Likita, jinkirin nan ya cuce ta?"

Ta ce, "Mun kusa makara da gashin. Ba mu makara ba."

Na bari sunka gama. Sannan na ce ina da magana. Na ce tunda an ga abin da ake nema, a maido mani da sauran, ramin na nan buɗe.

Raihana ta ce, "Inna lillahi."

Likitar ba ta yi dariya ba, wannan na ba ta. Ta ce ana iya rubuta takarda a roƙa, wani lokaci suna bayarwa. Ta ce, "Amma ba ni ke da shi ba, ba kai ba, Baba. Ga mai shi nan."

Kyauta ba ta dube ni ba, likitar take kallo. Ta ce, "A bar musu." Sannan ta juyo. "Malam, ga ni zaune da raina. Ranar da na tafi ka haƙa babba ka sa ni. Kafin nan ka bar haƙa mani rami bayan ɗaki."

Gaban 'yar Maiyama. Gaban ɗiyata.



Talata, 16, da hantsi

Na ɗauke ƙyauren na mayar da ƙasa. Ba komai ciki. Ta fito da kujera ta zauna tana kallo har na gama, sannan ta ce gefen katanga bai daidaita ba, tana iya tuntuɓe.

Na gyara.